Tartsatsi da Motar da Ke Mutuwa a Hannun Inna

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci yake isowa. Ba ya sauri, ba a taɓa ganinsa yana sauri ba, shi ya sa ma 'yan layin gareji suka laƙaba masa Tartsatsi tun yana da baƙin gashi, don tsokana kawai, sunan kuma ya bi shi har ya danne na gaskiya. Yakan jingine kekensa a jikin rumfa, ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga ƙyauren kwano da kafaɗa saboda gindinsa na jan ƙasa. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya bar idonsa ya saba da duhun ciki. Rumfar ba ta fi taku shida ba. Rufinta duk ya huhhuje, don haka da safe rana kan tsiyayo ta ramukan sirara-sirara, ta sauka a kan wayoyin da ya rataye a ƙusoshi, ja da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, ƙura na iyo a tsakaninsu a hankali. Akwai benci guda, da gwangwanayen madara cike da fis da noti, da batirin gwaji a kusurwa. Kafin ya taɓa komai sai ya zaro babban kayan aikinsa daga aljihun gaba, wato kwan fitila ɗan mitsitsi da aka liƙa wa waya biyu. Ya ɗora su a kan batirin, kwan ya kawo haske, ya gyaɗa kai kamar an amsa masa gaisuwa. Daga nan ne yake ɗaura zanin aiki ya zauna jiran mota.

Sana'arsa gyaran wayar mota. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana bin sawun wuta a cikin motocin mutane, daga batir zuwa fitila, daga makulli zuwa inji, kuma ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma gida. Idonsa ne ya gaza. Ya ce yanzu idan ya riƙe jar waya da mai ruwan ƙasa sai su zame masa abu ɗaya, kuma mai wayar da ba ya rarrabe launi wata rana zai ƙone wa wani mota. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya kama shi da kuskure, shi ya yanke wa kansa. Ba za a yi taro ba, ba za a miƙa masa takardar yabo ba. Na tabbata ranar da zai sa kwaɗon ƙarshe rabin 'yan layin ba za su lura ba sai sun zo aron filaya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Duk wanda ya san shi ya san ƙa'idarsa, masu gaggawa kuma sun sha yi masa tsaki a kanta. Ba ya yarda a ajiye masa mota a tafi. Idan ka ce tana mutuwa, sai ya tambaye ka a ina, da wane lokaci, wa ke tuƙa ta, da sanyin inji ko bayan ya ɗauki zafi. Idan amsarka ba ta gamsar da shi ba, sai ya wanke hannu, ya zagaya ya shiga kujerar gefen direba, ya ce ku tafi inda take mutuwar. Mai facin da ke maƙwabtaka da shi ya ba ni labarin wata motar burodi da injinta ke tsinkewa a hanyar dawowa kaɗai, ba ta taɓa yi a hanyar tafiya ba. Masu waya uku sun zazzage ta ba su ga komai ba, har direban ya fara zargin hannu aka sa masa. Tartsatsi ya bi shi tun daga gidan burodi, shago bayan shago, yana zaune ido a lumshe cikin ƙamshin burodi mai zafi, direban ma ya ɗauka barci yake yi. Da aka sauke tiren ƙarshe motar ta yi sakayau, ta fara tsalle a kan gargada, sai ya buɗe ido ya ce a tsaya. Wayar da ke haɗe da jikin mota ce ta kwance, nauyin burodi ne ke danne ta da safe. Noti ɗaya ya ɗaure. Mai faci ya ce ranar har yamma rumfarsa ƙamshin burodi take yi, kowa ya wuce sai ya leƙa.

Kai ne, Baba Tartsatsi, mai haƙurin da ke ba masu sauri haushi. Kai ne ba ka taɓa yanke waya don ka huta da nemanta ba. Na ga yadda kake bin ta da yatsa a ƙarƙashin sitiyari, ido a rufe, leɓenka na motsi, kamar mai bin layin unguwar da ya tashi a ciki bayan ya daɗe da barinta. Amma ba don motar burodi na zauna rubuta wannan ba. Akwai abin da ka yi a gidanmu, wanda har yau ban iya faɗa maka ido da ido ba.

Innarmu shekararta saba'in da ɗaya. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, irin waɗanda har yanzu idan suka kalle ka sai ka gyara zama. Ta koyi tuƙi tana da arba'in, lokacin da ƙafar Babanmu ta fara ba shi wahala, ita ke kai shi asibiti ta dawo da shi. Da ya rasu motar ta zama tata, tsohuwar mota mai launin toka wadda ta girmi ɗana na fari nesa ba kusa ba. Da ita take zuwa kasuwa, da ita take zuwa awon jini, da ita kuma take zuwa duba yayarta, wadda muke kira Inna Babba. Ita Inna Babba shekara biyu ke nan tunaninta ya tafi. Da mantuwar inda ta ajiye abu ta fara, yau kuwa ko 'ya'yanta ba ta ganewa, sai dai ta yi musu murmushi ta tambaye su daga ina baƙin suke. Innarmu takan dawo daga can ta wuce ɗaki kai tsaye.

Wata uku kafin abin da zan faɗa, motar ta tsiro da wani hali. Inna za ta murɗa makulli, inji ya tashi garau, tana sakin makullin sai ya mutu, kamar an hure fitila. Ta sake, ya tashi, ya mutu. Wata rana sau biyar, wata rana sau goma, wata rana kuma ta yi sa'a ya riƙe har ta fita. Sau ɗaya ya mace mata a tsakiyar mararraba, motoci na ta danna mata oda, sai da wasu mutane suka tura ta gefe. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne, da na fito da makullin ajiya da ke wurina na shiga, bugu ɗaya take tashi, ta yi ta gurnani har sai na gaji na kashe. Sau uku bakaniken unguwarmu ya zo ya ɗauke ta. Ya canza fulogi, ya wanke kafireta, ya duba famfon mai, ya kwana biyu yana yawo da ita a gari. Duk lokacin da ya dawo da ita maganarsa ɗaya ce, motar nan lafiyarta ƙalau. A karo na uku ya ja ni gefe ya rage murya, ya ce ko dai Hajiya ce ke sakin kuloci ba ta sani ba.

Ni mutum ne mai saurin yanke hukunci, matata za ta ba da shaida ko ba a rantsar da ita ba. Na buga wa Yaya waya, babbar yayarmu, na zayyana mata komai. Muka haɗa wannan da wancan, muka tuno ranar da Inna ta bar tukunya a wuta, da ranar da ta kira jikanta da sunan ƙanensa, abubuwan da ni ma nake yi a mako sau biyu ba wanda ya ce mini uffan. Muka tuno Inna Babba. Kafin mu ajiye waya mun gama shawara: ranar Asabar Yaya za ta zo da mijinta su tafi da motar, Inna ta daina tuƙi, duk inda za ta ni zan kai ta idan na samu sarari. Mun kira wannan kulawa, kuma har ga Allah mun ɗauka ita ce.

Ni aka bar wa faɗa mata. Da safe ne, tana cikin motar tana fama, ta murɗa ya mutu, ta murɗa ya mutu, ni kuma na makara wurin aiki, motarta ta tare mini ƙofa. Na leƙa ta taga, maganar da na kwana ina shirya yadda zan tausasa ta sai ta fito tsirara.

“Inna, ba fa motar ba ce.”

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dubi hannunta da ke kan sitiyari, ta daɗe tana dubansa, sannan ta fito ta ba ni hanya. Daga ranar ta rage magana. Sai in dawo in tarar da ita a bakin taga tana kallon motar a gindin bishiya, ganye na zuba a kan gilashinta. Da na gaya mata zancen Asabar ba ta musa ba, wannan ne ma ya fi tsorata ni, don Inna ba ta taɓa barin magana ta wuce ba ta gyara mata zama ba. Abu ɗaya ta roƙa. Ta ce akwai wani mai waya a layin gareji da ya taɓa yi wa Babanmu aiki a motar tun tana sabuwa, a kai masa ya gani, idan shi ma ya ce lafiyarta ƙalau, shi ke nan.

Ranar Alhamis na kai motar, ni na tuƙa, ko tari ba ta yi ba a hanya. Gaskiya ba gyara na je nema ba, shaida na je nema, don in samu abin da zan rufe bakin kowa da shi. Tartsatsi ya gane motar tun kafin in tsaya, ya shafa bonet ɗinta ya tambayi mai ita, na ce ya rasu, ya yi masa addu'a. Ya duba kan batir, ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora kwan fitilarsa a kan kwayil, wato ɗan gwangwanin nan da ke aika wa fulogi wuta. Ko'ina ya taɓa kwan sai ya kawo haske. Ya sa na tayar da ita sau shida, sau shida tana riƙewa. Na ce to Baba, ka gani da idonka, sai in je in gaya musu ka ce lafiyarta ƙalau. Ya goge hannu da tsumma, ya tambaye ni a hannun wa take mutuwa. Na ce a hannun mahaifiyata kaɗai, na kuma ƙara da bayanin shekarunta da na yayarta, wanda ba wanda ya tambaye ni.

“To ai ban ga motar ba tukuna,” in ji shi. “Taka na gani. Ta Hajiya nake son gani.”

Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata tsofaffi dai bakinsu ɗaya. Amma na kwatanta masa gidan.

Washegari da hantsi sai ga shi a kan keke, kwan fitila a aljihu, 'yar jakar kayan aiki a ɗaure a baya. Ranar ta yi wani irin luf, ba iska, inuwar bishiya ta kwanta a kan motar ba ta ko motsi. Ya gaida Inna a tsaye, hannu a ƙirji, ya ce mata shi ba abin da zai taɓa yanzu, so yake ta fito kamar yadda take fitowa kullum, da jakarta da komai, kamar za ta kasuwa. Sannan ya zagaya ya zauna a kujerar gefe ya ja ƙofa. Ni na tsaya a jikin taga na harɗe hannu. Inna ta koma ciki ta fito da mayafi da jaka, ta rufe ɗakinta, ta rufe ƙofar falo, ta taho. Na ga hannunta na rawa, ita da ta yi shekara talatin tana rubutu a allo layi ba ya karkacewa.

Ta zauna, ta sa makulli, ta murɗa. Inji ya tashi. Ta saki, ya mutu. Na dubi Tartsatsi in ga ko zai fita ya buɗe bonet, sai na ga ko kallon wajen bai yi ba. Hannunta yake kallo. Ya ce ta sake, ta sake, ya mutu. Inna ta sunkuyar da kai, na ji ta ce a hankali, to ka gani Malam. Ya ce ya gani, ta ƙara sau ɗaya don Allah. Wannan karon kafin ta murɗa sai ya miƙa tafin hannunsa ƙarƙashin sitiyari, ya tallabo tarin makullanta da ke lilo a jikin zobe, ya ɗaga su sama kaɗan, kamar mai tallabe da ɗan tsako. Ta murɗa. Inji ya tashi. Ta saki.

Bai mutu ba. Ya ci gaba da gurnaninsa na tsufa, madubi na karkarwa, ganyen da ke kan gilashi na zamewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya sauke hannunsa a hankali, a hankali, har makullan suka koma suna rataye da nauyinsu, nan take injin ya ɗauke. Ya sake yi, aka sake samun haka. Sau uku ya yi, don kada wani a cikinmu ya ce dace ne, ni kuwa na san da wa yake.

Sai a lokacin ya fita ya buɗe bonet. Ya maƙala waya ɗaya ta kwan fitilarsa a kan kwayil, ɗaya a jikin mota, ya jawo kwan ya ɗora a gindin gilashi inda Inna za ta gan shi daga mazauninta. Ya dawo ya sa ta buɗe makulli ba tare da ta tayar ba. Ya ɗaga makullan, kwan ya kawo. Ya saki, ya ɗauke. Ya ce mata ita ma ta gwada da hannunta, ta yi ta ɗagawa tana saki, hasken na zuwa yana tafiya, fuskarta na sauyawa a gabana. Ya yi mata bayani a natse, ita yake yi wa, ba ni ba. Ya ce a irin waɗannan tsofaffin motoci wuta hanya biyu take bi ta isa inji. Idan an murɗa makulli har ƙarshe tana bin ta farko, mota ta tashi. Da an saki, makullin ya dawo baya taki ɗaya, sai wutar ta koma ta biyu, wadda za ta riƙe injin har a isa inda za a je. To bakin wannan hanya ta biyu, a can cikin gidan makulli, shi ne ya cinye. Idan makulli shi kaɗai ne, ƙarafan ciki suna taɓa juna da ƙyar, mota ta yi ta tafiya. Idan nauyi ya ja shi ƙasa sai su rabu.

Ya tambaye ta, idan bakanike ya zo ɗaukar motar, duk tarin take ba shi? Ta ce ina, ya za ta ba wani makullan gidanta, zare masa na motar take yi. Ya juyo gare ni ya tambayi makullin da ke wurina, na ce guda ɗaya ne a jikin ɗan zare. Ya gyaɗa kai. Wata uku muna gwada motar da ba ita Inna ke shiga ba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ya karɓi zoben ya auna a tafinsa, ya ce wannan ai kaya ne, Hajiya, duk na ina da ina ne haka? Ya kama na farko ya nuna mata. Ta ce na ƙofar waje ne. Na biyu, na kicin. Na uku, na ɗakin ajiya. Ya ci gaba da ware su ɗaya-ɗaya, ba ya gaggawa, ita kuma muryarta na ƙara daidaita. Wannan na kabad ɗin Babanmu ne, inda rigunansa suke har yanzu. Wannan ɗan ƙaramin na akwatin ƙarfen da ta zo da shi gidan aure ne. Wannan na durowar teburinta ne a makaranta, aji na biyu daga ofis, tagarsa na kallon famfo, ta manta ba ta mayar ba ranar da ta bar aiki, daga baya kuma ta ƙi mayarwa. Wannan mai tsatsa na gidan da muka fara zama ne, wanda aka rushe aka yi shaguna a wurin, ɗaki biyu da rijiya, inda aka haifi Auta, wato ni, ranar da ruwa ya shigo har ƙarƙashin gado. Ina tsaye a jikin taga sai na ji kamar ana buɗe mini ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙamshin kabad ɗin, ina ganin hasken tagar ajin, ina jin ƙarar guga a rijiyar da ban ma iya tunawa da ita ba. Makulli goma sha tara. Ba ta yi tuntuɓe a ko ɗaya ba, har da shekarar da kowanne ya hau zoben.

Uku na ƙarshe manya ne, masu kauri, irin na kwaɗon ƙofar ƙarfe. Ta ce na ɗakunan Inna Babba ne, 'ya'yanta suka damƙa mata su ta riƙe. Ya tambayi yaushe. Ta yi lissafi, sannan ta ce wata uku ke nan. Suka dubi juna, ita da shi, sai ta yi wata 'yar dariya da na daɗe ban ji ba.

Kai ne, Baba, ka san sarai makulli nawa ne ba zai canza gyaran da za ka yi ba. Ba don motar ka yi ta tambayar nan ba. Ka ji abin da na faɗa a rumfarka, ka riƙe, ka zo har gida ka sa ta ba da amsa da bakinta a gaban ɗanta, ba tare da ka ce mini na yi kuskure ba. Da ka zage ni da na samu abin mayarwa. Ka bar ni a tsaye da kunyata, ba inda zan ajiye ta.

Daga nan ya shiga aiki. Ya cire kan batir, ya kwanta rabin jikinsa a mota rabi a waje, ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ni ina riƙe masa noti. Ya zaro gidan makullin ya buɗe shi a kan tsumma. Ƙarafan jan ƙarfen da ke ciki sun siɗe sun yi sumul, wayar da ke bayansu kuma sili uku ne kawai, sirara kamar gashi, suka rage ke riƙe da ita. Ya kankare, ya ɗan tanƙwaro su, ya yanke ruɓaɓɓen bakin wayar ya sake mata sabo ya liƙe da dalma. Da ya zo mayar da wayoyin sai ya ɗago guda biyu a yatsunsa, ya juya su a haske, ya juya. Ina kusa da shi, amma ba ni ya tambaya ba.

“Hajiya, ara mini idonki. Wacce ce ja a nan?”

Ta sunkuyo ta nuna masa. Ya ce madalla, shi nasa idon ya fara yi masa rowa. Haka suka ƙarasa, yana ɗagowa tana faɗin launi, kamar sun shekara suna aiki tare.

Lokacin da ya zo mayar da murfin ne wata takarda ta zamo daga tsagar da ke bayan sitiyari ta faɗo a ƙafata. An ninke ta huɗu, gefenta ya yi laushi don yawan buɗewa. Na ɗauka ta tsohon gyara ce na warware. Rubutun Inna ne, irin na allo, harafi a tsaye. A sama ta rubuta hanyar gida daga asibiti: dama a shataletale, hagu bayan gidan mai, ƙofa ta huɗu mai koren fenti. Ƙasa da haka sunayenmu ne a jere, da na jikokinta, kowanne da ɗan bayani a gabansa don ta gane shi. A gaban nawa ta rubuta: “Auta. Shi ne mai saurin fushi, kada ki ji tsoronsa, yana sonki.”

Ashe duk watannin nan da muke ƙus-ƙus a waya, ita ta riga mu yarda. Tana shiga motar nan kowace safiya ta murɗa makulli, injin ya mutu, ta ɗauka kanta ne ke mutuwa, ta kuma zauna ita kaɗai tana shirya wa matar da za ta zama guzuri. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Hannunsa na ji a kan nawa, mai kaushi, mai warin dalma. Ya zare takardar a hankali, ya ce ba tawa ba ce, ya mayar da ita ninkinta ya miƙa wa Inna ta taga da hannu biyu. Sannan ya zare makullin motar daga zoben, ya ɗaura masa 'yar jar waya, ya ba ta shi daban. Ta tayar, ta saki, ya riƙe. Ta ce masa ya shigo ta kai shi, ya ce kekensa fa, ta ce Auta zai biyo su da shi. Haka aka yi. Na bi su a baya ina haki a kan keken da ya girme ni, ina hango kanta a tsaye ta gilashin baya, ta ba da sigina tun kafin kwana kamar yadda ta saba.

Ranar Asabar Yaya ta zo da mijinta, suka ci abinci, suka koma a motar da suka zo da ita.

Baba, ban sani ba ko idonka ya kai ga abin da ke cikin takardar nan, ba ka taɓa faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai san tun daga ranar idan muka haɗu ba ka tambayata motar, Hajiya kake tambaya. Mai bin waya har tushenta, na gode. Na gode da keken da ka tako har gidanmu a kan maganar da kowa ya riga ya rufe. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka sauran hasken idonka ka ga jikokinka da shi, ya sa a samu wanda zai zauna kusa da kai ranar da naka hannun zai yi rawa.

Ku kuma masu sana'a, matasan da za su gaji layin nan da na'urorinku masu allo, ba na ce ku koma kwan fitila ba. Amma idan aka kawo muku abin da ke lalacewa a hannun mutum ɗaya, ku tashi ku je ku gan shi a hannun nasa. Mu kuma masu tsofaffi a gida, idan sun ce abu ya lalace, mu ja kujera mu zauna mu kalla tukuna, kafin mu ɗaga waya mu gama shawara a kansu. Ni ban yi haka ba, sai da wani bare ya zo ya yi mini.

Na san ba ka cika karanta rubutu mai ƙanana ba yanzu, don haka na roƙi mai faci ya karanta maka wannan kafin ka rufe rumfar. Inna ma ta ba ni saƙo. Ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ta yaga takardar.